Mai Gyaran Famfo da Rundunarsa: Kundin Komawata Freedom Fighters

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Yau na sauke gem ɗin Freedom Fighters a tsohuwar kwamfutata. Rabona da shi tun ina aji uku a sakandare, lokacin da muke sulalewa gidan gem na bayan kasuwa da la'asar, mu haɗa 'yan canjinmu a ba mu hannun PlayStation 2 na awa guda. Yawancin yara ƙwallo ke kai su. Ni da wani abokina ne kaɗai muka nace wa wannan faifan, har mai shagon ya laƙaba mana 'yan tawaye. Ba mu taɓa ganin ƙarshensa ba. Memori ɗaya ne a shagon, duk wanda ya zo bayanka sai ya goge naka ya ɗora nasa, washegari ka dawo ka tarar an maida kai farko.

Kamfanin IO Interactive na birnin Copenhagen a Denmark ne ya ƙera shi, su ne masu gem ɗin Hitman, Electronic Arts kuma ya fitar da shi a 2003 a kan PlayStation 2 da Xbox da GameCube da kwamfuta. Daga nan ya yi shekaru ba ka samunsa sai a hannun masu tsoffin faya-fayai, har zuwa Satumban 2020 da aka sake sakin na kwamfuta a shagunan gem na intanet, Steam da GOG. Shi na saya.

Na gindaya wa kaina sharuɗɗa. Matakan wahala huɗu ne, Demonstrator da Rebel da Freedom Fighter da Revolutionary, zan buga a na uku. Ba zan wuce in bar wani mayaƙina a kwance ba muddin akwai akwatin magani a hannuna. Kuma duk zaman da na yi zan rubuta abin da na gani, don in san ko gem ɗin ne mai daɗi, ko kuwa yarinta ce ta yi masa gishiri.

Lahadi, 5 ga Janairu

A da danna maɓalli muke mu tsallake gabatarwar, saboda kuɗin awarmu na tafiya. Yau na zauna na karanta ta, ashe tushen labarin duka a nan yake.

A duniyar gem ɗin, Tarayyar Sobiyet ce ta riga kowa mallakar bam ɗin nukiliya, ta jefa shi a kan Berlin a 1945, yaƙin Turai ya ƙare a hannunta. Sai ƙasashen Turai suka riƙa faɗawa kwaminisanci ɗaya bayan ɗaya, Birtaniya ce ta ƙarshe a 1953, ita ma ba da son ranta ba. A 1961 aka girke makamai masu linzami a Kuba kuma ba wanda ya iya sa a kwashe su. A 1996 jam'iyyar kwaminis ta ci zaɓe a Mekziko. Kafin Amurka ta farga an yi mata zobe.

Abin da ya burge ni shi ne zare ɗaya kawai suka ja. A zahiri Berlin ta faɗa hannun sojan Sobiyet ranar 2 ga Mayun 1945 ba tare da wani nukiliya ba. Amurka ce ta gwada nata bam ɗin ranar 16 ga Yuli a hamadar New Mexico, ta jefa shi Hiroshima da Nagasaki a watan Agusta, Sobiyet kuwa sai 29 ga Agustan 1949 ta yi gwajinta na farko a Semipalatinsk. Makaman Kuba ma an kai su da gaske, amma a 1962, kuma shugaban Sobiyet Khrushchev ya janye su bayan kwana goma sha uku na zaman ɗar-ɗar da shugaban Amurka Kennedy. Marubutan sun ɗauki wannan tazarar ta shekara huɗu sun juya ta, sauran abubuwan kuma suka bi sahu. Ban ce lissafin ya tsaya da ƙafarsa ba. Ƙasar da ta rushe a Disambar 1991 saboda tattalin arzikinta ya gaza, da wuya bam ɗaya ya mayar da ita mai ciyar da rundunar da za ta haye teku. Amma a matsayin shimfiɗar tatsuniya, ya wadatar.

Jarumin, Chris Stone, mai gyaran famfo ne. Shi da ɗan'uwansa Troy sun je gyara a gidan wata mata mai suna Isabella Angelina, jagorar wata ƙungiya da ta daɗe tana gargaɗi kan Sobiyet ba a saurare ta ba. Ba su same ta ba. Suna cikin gidan sojoji suka fasa ƙofa, Janar Tatarin ya yi awon gaba da Troy, Chris ya sha da ƙyar. Makaminka na farko sifanar famfo ce. Da ita na maƙe sojan farko a ƙeya, na yi dariya ni kaɗai a ɗaki.

Na tsaya inda wani dattijo, Mista Jones, ya kai ni maɓoyar 'yan gwagwarmaya a cikin magudanar ruwa ta ƙarƙashin birnin New York.

Laraba, 8 ga Janairu

Ofishin 'yan sanda da gidan waya.

Na manta yadda aka saƙa wuraren nan da juna, sai da na mutu sau uku kafin na tuna. Ana tsare da Isabella a ofishin 'yan sanda, amma hanyar zuwa can maharban nesa sun tare ta daga saman wani gidan mai, ko leƙe ka yi sun ɗauke ka. Gidan man kuwa ta yankin gidan waya ake isa gare shi. Don haka sai ka karɓi nakiya a wurin 'yan sandan da suka maƙale a bayan motocinsu, ka koma ramin kwalbati, ka ɓullo ta ɗaya yankin, ka tashi gidan man, sannan ka dawo ka tarar hanya ta buɗe. Kowane babi haka yake: taswira a kan tebur a maɓoya, yankuna biyu ko uku, kuma abin da ke kashe ka a wannan yanki maganinsa na wancan.

Kowane yanki yana ƙarewa ne idan ka hau ginin da Sobiyet suka mayar hedikwata, ka sauke jar tutarsu ka ɗaga ta Amurka.

Sai matsalar ajiya. A bakin ramin kwalbati ake yin sebin, amma na wucin gadi ne, idan ka fita daga gem ɗin ya tafi. Batirin kwamfutar nan ba ya wuce minti goma. Ina hawa benen ofishin 'yan sanda, tuta na gabana, aka ɗauke wuta. Na yi ta sauri kamar mai tsere da hadari, ina taka matakalar ƙarshe allo ya yi baƙi. Uwargida daga tsakar gida ta ce, "Lafiya kake salati haka?" Na ce lafiya lau. Gobe zan ari ƙaramin batirin sola na shago.

Asabar, 11 ga Janairu

Yau aka fara gem ɗin na gaskiya, domin yau aka fara bi na.

Akwai wani ma'auni a saman allo, ƙarƙashin na lafiya, wanda suka kira charisma. Na daɗe ina juya kalmar a raina. Kwarjini ne ya fara zuwa mini, amma da na lura da yadda ake samunsa sai na ga bai zauna daidai ba. Kwarjini a wurinmu abu ne da mutum ke shigowa da shi zaure kowa ya gyara zama tun bai buɗe baki ba, wani ma gadonsa ya yi. Na Chris tara shi ake kamar adashi. Ka ga farar hula a kwance da rauni a lungu, ka ba shi akwatin maganinka, ma'aunin ya ɗan motsa. Ka buɗe sansanin fursunoni, ya motsa sosai. Ka tashi gada ko ka ɗaga tuta, ya ƙaru. Idan ya cika sai a ƙara maka gurbin mutum ɗaya. Da biyu ake farawa, a ƙare da goma sha biyu. Idan guraben sun cika, ko ka tsaya gaban mayaƙi ka kira shi ba zai bi ka ba, zai ce maka ka je ka ƙara nuna kanka tukuna. Wannan ya fi kusa da abin da muke cewa mutumin da jama'a suka yarda da shi: wanda ya kai ɗan maƙwabci asibiti da tsakar dare, ya tsaya aka gyara rijiyar unguwa, ranar da ya ce a fito sai a fito. Zan ci gaba da ce masa kwarjini don ya fi sauƙin faɗa, amma na san ba shi ba ne.

Umarni uku ne kacal: ku biyo ni, ku kai hari, ku tsare nan. Ka taɓa maɓalli sau ɗaya, mutum ɗaya ya tafi. Ka danne, duka su tafi. Idan kana saitin bindiga ta kan kafaɗa, duk inda ka nuna can za su nufa. Shi ke nan, babu wani dogon jadawali. Na buga gema-gemai na zamanin nan masu umarni ashirin waɗanda ban taɓa amfani da biyar ba, wannan kuwa cikin minti goma yatsuna sun haddace.

Kuma yaran suna da kai. Na tura biyu su tsare wani shingen buhunan yashi a hanyar tashar kashe gobara, ɗaya ya ga babbar bindiga girke a wurin, ba tare da na ce komai ba ya haye ta ya shiga ɓarin wuta. Ni kuma na zagaya ta cikin wani gida, na hau bene, na ɓullo wa sojojin ta baya da kwalbar fetur. A gidan gem da, gaba-gaɗi muke afkawa da bindiga, mayaƙan na biye da mu kamar 'yan rakiyar amarya, shi ya sa muke ta mutuwa. A matakin wahala na uku Chris ba ya jure harsashi ko kaɗan. Idan ka fita fili kai kaɗai, kan ka ce kwabo ka faɗi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma da gangan aka gina gem ɗin a kan haka: bindigarka ba ta da saiti mai kyau, kai ba soja ba ne, aikinka ka ga inda za a bi ka nuna.

Mutum huɗu nake da su yanzu.

Juma'a, 17 ga Janairu

Aiki ya sha kaina, minti arba'in kawai na samu. Na shiga yankin da jirgi mai saukar ungulu ke shawagi ban fara tashin filin saukarsa ba, ya yi mana ruwan harsashi ni da mutanena huɗu a tsakiyar titi. Laifina ne, an faɗa mini a maɓoya ban saurara ba.

Abin da ya tsufa a gem ɗin: kyamara. A fili ba ta da matsala, amma da zarar ka shiga matsattsen bene sai ta manne a bango, kana jin ana harbinka ba ka ganin mai harbin. Mayaƙan ma a ƙofa sukan cunkushe su tare maka hanya. Sannan idan ka bar yanki ka koma wani, rundunarka ba ta bin ka cikin kwalbati, sai ka sake tara wasu. Wannan ya ɗan rage mini zafin sharaɗina na biyu, tun da mutanen da nake wahalar cetowa ba su da suna, kuma ba zan sake ganinsu ba.

Lahadi, 19 ga Janairu

Tsakanin babi da babi ana nuna labaran talabijin na SAFN, tashar sojojin mamaya. Wata mata mai suna Tatiana Kempinski ce ke karantawa, da murmushi da tattausar murya. A bakinta Sobiyet ba mamaya suka yi ba, 'yanto Amurkawa suka zo yi daga azzalumar gwamnati. Tashar lantarkin da na kai wa hari don in katse wa soja wuta, a wurinta aikin 'yan ta'adda ne da suka jefa bayin Allah cikin duhu. Ni kuma har suna sun ba ni, Freedom Phantom, wato fatalwar da ba a san fuskarta ba.

A gidan gem ba mu taɓa kallon waɗannan ba. Yau da na kalla, Baba ne ya faɗo mini, Allah Ya jiƙansa. A 2003, shekarar da gem ɗin ya fito, ina firamare, Amurka ta shiga Iraƙi a watan Maris. Baba na da wata rediyo mai rigar fata da igiyar ratayawa. Da asuba London, da rana Jamus, da dare Amurka, ya kan ce a zamaninsu har Mosko suna kamawa da Hausa. Ya saurari labari ɗaya a tasha uku, sannan ya juya wa abokan hirarsa a dakali ya ce, "To, kun ji abin da kowa ya ce. Yanzu sai mu nemo abin da ya faru." Abin da ya fi sa masa ido shi ne sunan da kowace tasha ke kiran mutanen da ke harbin sojan Amurka a Bagadaza da Falluja. Wata ta ce 'yan tawaye, wata ta ce masu tayar da ƙayar baya, wata ta ce masu gwagwarmaya, jami'an Amurka su ce 'yan ta'adda.

To ga gem ya fito wata shida bayan haka, yana sa yaron Amurka ya zama mai dasa nakiya a gada, mai ɓuya a cikin farar hula, mai jifan motar soja da kwalbar fetur, talabijin ɗin mai mamaya kuma na kiransa ɗan ta'adda. Ba na jin da niyya aka yi, domin tun 2002 aka sanar da shi da sunan Freedom: The Battle for Liberty Island, kafin a shiga Iraƙi. Amma 'yan Denmark ne suka rubuta shi, kuma akwai wani ɗan murmushin gefen baki a cikinsa da nake zargin Ba'amurke ba zai sa ba. Kalaman Tatiana irin waɗanda kowace babbar ƙasa ke yi ne idan ta shiga ƙasar wani: mun zo taimako, za mu tafi da zarar an samu kwanciyar hankali. Mosko ta faɗi haka a Afganistan daga 1979 zuwa 1989.

Sai dai kada in yi wa gem ɗin rawanin da bai kai ba. Ya buɗe wannan ƙofar ne kawai ya leƙa, bai shiga ba. Nakiyata ba ta taɓa kashe farar hula ba. Ba wanda ya taɓa tsayar da ni a titi ya ce saboda ku aka kama ɗana. Duk ɗan New York da na haɗu da shi ko dai yana jiran in cece shi ko yana jiran in ɗauke shi aiki.

Kiɗan kuwa ba a magana. Jesper Kyd ne ya tsara shi, da ƙungiyar mawaƙan gidan rediyon Hungary suna rerawa da manyan muryoyi a kan kiɗan na'ura. Idan faɗa ya yi zafi muryoyin suka tashi, sai ka ji kamar daular ce da kanta take taho maka. Na sa abin kunne saboda shi.

Asabar, 25 ga Janairu

Ɗan yayata ya zo hutun ƙarshen mako, shekararsa goma sha uku, ya saba da gem ɗin harbi na waya inda mutum ɗari ke faɗowa daga jirgi. Ya tsaya a bayana ya kalli allo ya ce, "Kawu, wannan ai mutanen kamar an sassaƙa su da itace." Na ba shi kujera.

Ya yi abin da muka yi a shekarunsa. Ya bar mutum bakwai a tsaye a bakin kwalbati ya ruga shi kaɗai, yana tsalle yana harbi. Wani ƙaton soja mai sulke da babbar bindiga ya tare shi a kusa da gidan sinima, ko gezau bai yi da harsashin yaron ba, ya kwantar da shi. Sau huɗu. A na biyar na ce ya danne maɓallin hari ya tsaya ya kalla kawai. Mutum bakwai suka buɗe wa ƙaton wuta ta ɓangare uku, ya durƙushe. Yaron ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, ashe su ne bindigar." Ban taɓa jin wanda ya bayyana gem ɗin nan da kyau haka ba.

Da dare bayan ya kwanta na karya sharaɗina. Akwatin magani ɗaya ya rage mini. Ga mayaƙina biyu a kwance a tsakiyar titi, ga wani farar hula a jingine da bango yana nishi, ga ni kaina jinina ya kusa ƙarewa. Akwati ɗaya ne ke yi wa duka ukun aiki, kuma a nan wayon masu ƙera gem ɗin yake: abin da za ka ceci kanka da shi, shi ne abin da za ka sayi yardar mutane da shi. Na duba ma'aunin kwarjini na ga saura ƙiris ya cika. Na ba farar hular. Ma'auni ya cika, aka ƙara mini gurbi, na wuce na bar mutanena biyu a kwance.

Na kashe kwamfutar ina jin wani iri. Mutumin da na ceta ban cece shi don tausayi ba, lissafi na yi, kamar ɗan takarar da ke raba atamfa ana gobe zaɓe. Gem ɗin bai hukunta ni ba, bai ma san na yi wani abu ba.

Talata, 28 ga Janairu

Wanda bai buga ba kuma yana da niyya, ya tsallake wannan ranar.

Troy da aka ceto a baya, an sake kama shi. An fito da shi a talabijin ya karanta takardar da aka rubuta masa yana roƙon ɗan'uwansa ya miƙa wuya, sai ya saki takardar ya ce a ci gaba da faɗa. Tatarin ya kashe shi. Mista Jones ya ba da shawarar a rama, aka tura Chris shi kaɗai cikin dare zuwa tsibirin Governors ya harbe janar ɗin.

Wannan ne mataki mafi rauni da na buga zuwa yanzu, kuma dalilin a fili yake: an raba ni da jama'ata. Sai laɓe-laɓe da bindigar nesa, ga kyamarar nan, ga saitin da ba shi da tabbas. Duk aibin da runduna ke rufewa ya fito fili. Mutanen da suka yi Hitman ne, na sani, amma Chris ba a gina shi don sanɗa ba. Na kashe Tatarin a gwaji na shida, ban ji daɗin komai ba sai na an wuce wurin.

Na dawo maɓoya na tarar an tarwatsa ta. Wurin da na ga yana cika a hankali tun farkon wata, ana kafa tantuna ana jibge akwatuna, yanzu sojoji ne a ciki. Mista Jones ashe Kanar Bulba ne na KGB, hukumar leƙen asirin Sobiyet, ya yi amfani da mu ya kawar da Tatarin don kujerar ta zama tasa. Da ɗan gari akan ci gari. Sai dai duk mai ido ya hango wannan tun nisa, mutumin da kullum ya san inda komai yake amma bai taɓa fita fagen daga ba. An tafi da Isabella. Phil Bagzton, mai cika baki da ya fi kowa surutu, da wani yaro da ake ce wa The Kid, su suka rage mini.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Hunturu ya shiga gem ɗin, mu ma nan sanyi ya sauko, ina buga shi da rigar sanyi da shayi a gefe. An fara labarin da zafi, Chris da rigar aikinsa. Yanzu dusar ƙanƙara ta rufe motocin da suka ƙone, gashinsa ya yi tsawo, ya sa babbar riga. Ba wanda ya ce maka watanni sun wuce, a jikinsa da titunan kake gani. Ga gem na 2003, wannan aiki ne mai kyau.

Mutum goma ke bina yanzu, kuma a nan ne abin ya kai inda ake so. Na raba su uku a gaban gidan talabijin: huɗu a bayan wata motar bas, uku a kan babbar bindiga, uku tare da ni muka shiga ta gefe. Akwai lokacin da na yi kusan minti biyu ban harba ko harsashi ɗaya ba, ina tsugune a bayan siminti ina nuni kawai, ina rarrafawa in tayar da wanda ya faɗi.

Wani abu da ban taɓa kaiwa gare shi ba a da: a waɗannan matakan akwai sojojin Sobiyet da aka bari da rauni. Ka ba su magani, su tashi su bi ka su yaƙi tsoffin abokansu. Wannan ne karo na farko da gem ɗin ya yarda cewa a cikin kakin can ma mutum ne. Na ɗauki biyu. Ɗaya ya faɗi a matakalar gidan talabijin, na koma da baya cikin wuta na tayar da shi, wataƙila don in biya bashin ranar Asabar.

Mun ƙwace tashar. Chris ya tsaya gaban kyamarar da aka yi watanni ana zaginsa a cikinta ya yi wa jama'a jawabi su fito. Jawabin kansa ba wani abin a zo a gani ba ne, amma na so yadda aka sa gidan talabijin ya zama abin da za a ƙwata kafin sansanin soja. Wanda ya taso a ƙasar da ake sanin an yi juyin mulki ta hanyar jin baƙuwar murya da kiɗan soja a rediyo da sassafe ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Babin ƙarshe, an koma tsibirin Governors, wannan karon da runduna.

Tsibirin na gaske ne, yana kudu da Manhattan, kuma ganuwar Fort Jay da ake faɗan ƙarshe a cikinta tana nan har yau. Sojan ƙasa na Amurka sun zauna a wurin har 1966, masu tsaron gaɓar teku suka karɓa har 1996, sannan a Janairun 2003 gwamnatin tarayya ta sayar wa New York mafi yawansa a kan dala ɗaya. Wato a shekarar da gem ɗin ya cika shi da tankoki da jar tuta, a zahiri ana shirin mayar da shi wurin shan iska ne.

Guraben sun cika goma sha biyu. Na share yankunan da ke kewaye, na tashi manyan bindigogin da ke yi mana luguden wuta, saura ganuwar kanta. Sau tara ina gwadawa tun jiya. Matsalar ƙofar ce: mutum goma sha biyu ba sa shiga matsattsen wuri tare, sai su taru a baki, gurneti ɗaya ya kwantar da rabi, akwatunan maganina su ƙare a wurin tayar da su tun ba a shiga ciki ba. A gwaji na bakwai na yi tunanin in sauko zuwa Rebel, na fasa. A na tara na kai har tsakar ganuwar da mutum biyar, wani mai roka daga sama ya gama da ni.

An ce za a yi na biyu tun 2004, bayan kamfanin Eidos ya sayi IO Interactive, ba a yi ba, sai wani gem mai suna Kane & Lynch suka fitar a 2007. Don haka abin da ke bayan wannan ƙofar shi ne iyakar labarin Chris Stone, kuma shekara kusan ashirin ke nan ina bin sa bashi.

Dabarar da zan gwada ranar Laraba: in bar takwas a waje su tsare baki, in shiga da huɗu kawai, in fara neman mai rokar nan da bindigar nesa kafin in kira sauran. Zan kuma bi lungunan baya in tattaro akwatunan maganin da na tsallake. Ɗan yayata ya yi waya ɗazu yana tambaya ko na gama, na ce saura ƙofa ɗaya. Ya ce, "Kawu, kar ka shiga sai na zo." Na ce masa batirin solar na shago ne, ranar Alhamis zan mayar.